Jakar barci ko bargon zango: Wanne ya dace da mai kwana a kan dutse lokacin sanyi?

Duk wanda ya fara shirin hawa dutse mai tsawo, irin tafiyar da ake kwana a tanti, zai tarar da masu sayar da kaya sun ajiye masa abu biyu ya zaɓa. Na farko jakar barci ce, wadda ake shiga ciki a ja zif har wuya, ga hula a haɗe da ita. Na biyu wani bargo ne mara baya, wanda 'yan kasuwar ke kira kwilt, ana iya ce masa bargon zango. Masu tallansa a intanet sun cika kunnen jama'a da cewa ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗin kwana, kuma zamanin jakar barci ya wuce.

Maganar tasu tana da ƙanshin gaskiya, amma gaskiyar ta wasu matafiya ce a wani irin yanayi. Mutumin da bai taɓa kwana a inda ruwa ke daskarewa ba, ya kuma tara kuɗinsa don hawa Kilimanjaro ko Dutsen Kamaru, jakar barci ta fi masa. Bargon zango yana da wurinsa, kuma wurin ba ƙarami ba ne, sai dai ba da shi ake fara koyon sanyi ba.

Inda bargon ya samo asali

Jakar barci ta daɗe. A shekarar 1876 wani ɗan kasuwa a yankin Wales na Birtaniya, Pryce Pryce-Jones, ya yi rajistar wani bargon ulu da ake naɗewa a ɗaure, wanda ake lissafawa cikin kakannin jakar barci ta yau. Daga baya aka riƙa gyara ta har ta koma siffar da aka sani yanzu: faɗi a kafaɗa, tsukewa a ƙafa, hula a kai.

Shi kuwa bargon zango ya yi suna ne a Amurka daga shekarun 1990, a hannun masu doguwar tafiyar ƙafa. Akwai hanyar Pacific Crest da ta taso daga iyakar Meziko ta dangana da iyakar Kanada, kimanin kilomita 4,265, wadda mutane ke shafe wata huɗu ko biyar suna takawa da kayansu a baya. Ray Jardine, wanda ya yi rubutu a kan tafiya da kaya marasa nauyi, yana cikin waɗanda suka yayata dabarar.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Abin da ke ɗumama mai barci shi ne iskar da ta maƙale a tsakanin gashin tsuntsu ko zaren da aka cusa a cikin jakar. Idan mutum ya kwanta, nauyinsa yana danne ɓangaren da ke ƙarƙashinsa, iskar ta fice, wannan ɓangaren ya zama kusan ba shi da amfani. To me ya sa za a yi ta ɗaukarsa a baya wata biyar? Sai suka yanke bayan jakar, suka cire hular, suka cire dogon zif, suka bar aljihun da ƙafafu ke shiga. Aikin kare mutum daga sanyin ƙasa ya koma kan shimfiɗa, ana kuma ɗaure gefen bargon a jikinta da igiyoyin roba.

Lissafin ya fita. Idan aka ɗauki jaka da bargo masu ɗumi iri ɗaya, daga gashi iri ɗaya, bargon yakan fi sauƙi da kimanin giram 200 zuwa 300, yakan kuma fi ƙanƙanta idan aka cusa shi a jakar baya. Ga wanda zai taka kilomita 30 kullum har wata biyar, wannan ragi yana da daraja. Kamfanoni irin su Enlightened Equipment a jihar Minnesota da Katabatic Gear a Colorado sun yi suna ne a kan wannan kasuwa.

Sai dai a lura da lokacin da ake yin waccan tafiya. Yawancin masu bin hanyar suna farawa ne a watan Afrilu ko Mayu su gama kafin dusar ƙanƙara ta rufe arewa. Galibin dararensu ba sa yin ƙasa da sifili sosai. Kuma kafin sanyi mai tsanani ya riske su, sun kwana fiye da hamsin a cikin bargon, sun san yadda ake ɗaure shi ko a cikin duhu.

Matsalar iska

Raunin bargon zango guda ɗaya ne babba: iska tana shiga. Duk lokacin da mai barci ya juya, gefen bargon yana ɗagawa, ɗumin da jiki ya ɗauki minti ashirin yana tarawa ya fice, iska mai sanyi ta maye gurbinsa. A daren da ma'auni ke nuna digiri 10, wannan ba komai ba ne, wani ma daɗi yake ji. A digiri 8 ƙasa da sifili kuwa, kowace juyawa tana tashin mutum daga barci.

Igiyoyin ɗaurewa suna rage matsalar, haka ma sayen bargo mai faɗi. Wanda ke kwana a ƙasa, musamman mai kwanciya ta gefe ko mai faɗin ƙirji, bai kamata ya sayi wanda faɗinsa bai kai santimita 140 ba. Amma da zarar an ƙara faɗi, an ƙara nauyi.

Ga kuma batun kai. Bargon ba shi da hula, don haka dole a nemi hular ulu mai kauri ko ta gashin tsuntsu daban. Tsohuwar maganar da ake yaɗawa cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita ba daidai ba ce, rabon kai bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Duk da haka, idan an rufe ko'ina aka bar kai da wuya a buɗe, ta nan ɗumin zai riƙa zurarewa, kuma kunne da hanci ba sa haƙuri da sanyi. Idan aka haɗa nauyin hula da igiyoyi da ƙarin faɗi, wancan ragin giram 300 sai ya dawo kusan rabi.

Jakar barci ba ta buƙatar ƙwarewa. Mutum ya shiga, ya ja zif, ya tsuke igiyar wuya da ta hula har sai hanci da baki kawai suka rage a waje. Ko ya gaji liƙis, ko kansa na ciwo saboda tsawo, ko yatsunsa sun sandare, zai iya yin wannan. Kayan da ke aiki ko da mai shi ya rikice, shi ake so a wurin da kuskure ke da tsada.

Ba wai jakar ba ta da aibi ba. Mai yawan juyi yana jin kamar an ɗaure shi, wasu ma ba sa iya barci a cikinta sam saboda ƙunci. A daren da ba sanyi sosai, zufa take sa mutum, sai ya buɗe zif, can cikin dare ya farka yana rawar ɗari. Zif kuma yana iya cin yadi ko ya lalace a tsakiyar tafiya. Waɗannan duk damuwa ce ta jin daɗi. Damuwar bargo a sanyi mai tsanani ta lafiya ce.

Kilimanjaro: inda hujjar nauyi ta rushe

Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, shi ne burin da yawa daga cikin 'yan Afirka masu sha'awar hawa dutse, kuma a nan ne zaɓin ya fi fitowa fili.

A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Garin Moshi, inda yawancin masu hawa ke sauka, bai kai mita 1,000 ba. Zangon Barafu, inda masu bin hanyoyin Machame da Lemosho ke kwana kafin su nufi ƙololuwa, ya haura mita 4,600. Tazarar ta kai digiri ashirin da 'yan kai. Daren da mutum zai kwana da 'yar shara a Moshi, ruwan gora yana iya daskarewa a Barafu. Sunan ma ya isa gargaɗi, domin barafu a harshen Swahili ƙanƙara ce.

Abin da masu tallan bargo ba sa ambata shi ne, a Kilimanjaro ba mai hawa ke ɗaukar kayan kwanansa ba. Doka ta wajabta tafiya da jagora mai lasisi, kuma 'yan dako ne ke ɗaukar tanti da abinci da babbar jakar kaya. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan ƙayyade wa baƙo kimanin kilo 15. Mai hawa ƙaramar jaka kawai yake goyawa, mai ruwa da rigar ruwa da ɗan abin taɓawa. Ke nan giram 300 da aka rage bai sauƙaƙa wa ƙafarsa komai ba, alhali iskar da za ta shiga bargon a jikinsa za ta sauka.

Tsawo yana ƙara dagula lamarin. A sama da mita 4,000 iskar shaƙa ta ragu, cin abinci yana raguwa, jiki kuma da abinci yake hura wutarsa. Barci yana zuwa a gutsure. Ana shan ruwa da yawa don rage ciwon tsawo, masu shan maganin Diamox kuma fitsari yana ƙaruwa, don haka fita tanti sau biyu ko uku a dare ba abin mamaki ba ne. Masu son bargo suna cewa ai fita daga cikinsa ya fi sauƙi. Haka ne. Amma dawowa a sake gyara igiyoyi da gefuna cikin duhu, da hannu mai sanyi, shi ne aikin.

Sannan hawan ƙarshe da tsakar dare ake fara shi. Mutum yana da sa'o'i kaɗan ne na hutu kafin tafiyar da ta fi kowace wahala a makon. Wanda ya ɓatar da su yana kokawa da gefen bargo ya shiga hawan da rabin ƙarfinsa. Bayan kuɗin jirgi da kuɗin shiga gandun da ladan jagora da 'yan dako, ba dabara ba ce a yi caca da wannan daren.

Wanda ba ya son saye ma yana da mafita: a Moshi da Arusha ana bayar da hayar jakar barci mai kauri. Ga mai tafiya sau ɗaya a rayuwa, haya ta fi saye hankali, in dai ya duba jakar da idonsa kafin a tashi, ya kuma tafi da nasa siririn zanen ciki don tsabta.

Inda bargon ya yi nasara

A duwatsun Najeriya lissafin ya juya. Chappal Waddi, a gandun dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba kan iyaka da Kamaru, shi ne wuri mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. Duwatsun Shere da ke gefen Jos ba su kai mita 2,000 ba. Tsaunin Mambila, wajen Gembu da Nguroje, sanyinsa sananne ne, haka na Jos a watan Disamba da Janairu. Sanyi ne na gaske, mai sa haƙora kaɗawa da asuba, amma yawanci yana tsayawa a saman sifili.

A irin wannan yanayi bargon zango ya fi dacewa. Farkon dare yakan yi ɗumi, sai a buɗe shi kamar mayafi, a fitar da ƙafa ɗaya. Can wajen ƙarfe uku idan hunturu ya sauko, a ja shi a tsuke. Jaka mai kauri da aka yi don ƙanƙara azaba ce a nan, mutum zai jiƙe da zufa, zufar kuma ita ce ke jawo sanyi daga baya. Ga shi a waɗannan tafiye-tafiye sau da yawa mutum shi ke goyon kayansa, don haka sauƙin nauyi ya dawo da ma'anarsa.

Akwai kuma sabo. Bahaushe da bargo ya tashi, ya san yadda ake naɗe shi a jiki a cusa gefe a ƙarƙashin kafaɗa. Shiga jaka a ja zif har fuska baƙon abu ne, wasu ma yana tuna musu da abin da ba sa son tunawa. Wanda ya san ba zai iya runtsawa a ƙunshe ba, gara ya ɗauki bargo mai faɗi ya koyi ɗaure shi da kyau, domin jakar da aka bari a buɗe saboda ƙunci ba ta fi bargo ba.

Dutsen Kamaru yana tsakiya. Tsawonsa ya haura mita 4,000, ana tashi daga garin Buea, kuma bukkokin kwana na sama suna da sanyi da iska mai ƙarfi. Babbar matsalarsa danshi ce. Yana bakin teku, kuma Debundscha da ke gindinsa na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. A nan tambayar abin da aka cusa a ciki ta fi tambayar siffa nauyi.

Gashin tsuntsu ko zaren roba

Jaka da bargo duka ana cika su da ɗaya daga cikin abu biyu. Akwai lallausan gashin ƙirjin agwagwa ko dinya, akwai kuma zaren roba da aka sarrafa a masana'anta.

Gashin tsuntsu ya fi ɗumi idan aka kwatanta da nauyinsa, ya fi matsuwa, kuma yana shekaru da yawa idan an kula da shi. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, 600 ko 700 ko 850, tana nuna yawan kumburin da giram 28 na gashin ke yi. Lamba mai girma tana nufin gashi kaɗan zai ba da ɗumi mai yawa. Ba ta nufin jakar ta fi ɗumi. Jaka mai 650 da aka cika sosai tana iya fin mai 850 da aka yi wa rowar gashi. Sai an duba nauyin gashin da aka zuba a ciki tukuna.

Rauninsa ruwa ne. Idan ya jiƙe yana cuɗewa ya lafe, ɗumin ya tafi, bushewarsa kuma sai an yi haƙuri. Zaren roba ya fi nauyi da girma, yana kuma saurin mutuwa bayan an yi ta matsa shi, amma ko ya ji danshi yana riƙe wani ɗumi, yana bushewa da wuri, ga araha. Mai zuwa Dutsen Kamaru ko Mambila a kusa da damina, zaren roba ya fi masa kwanciyar hankali. Mai zuwa Kilimanjaro a lokacin rani, ko duwatsun Air na Nijar inda iska a bushe take kuma daren hunturu ke kusantar sifili, gashin tsuntsu ya fi, in aljihu ya yarda. Ko wanne aka ɗauka, a saka shi cikin leda mai kauri kafin a cusa a jakar kaya.

Lambar da ke jikin kaya

Nan ne aka fi yaudarar masu saye. Akwai ma'aunin gwaji na Turai mai suna EN 13537, wanda ISO 23537 ya gaje shi a 2016. Ana saka mutum-mutumi mai ɗumi cikin jakar, sanye da kayan ciki masu dogon hannu, a kan shimfiɗa, a ɗaki mai sanyi, a auna zafin da ke fita. Daga nan ake fitar da lambobi uku.

Ta farko ita ce ta jin daɗi: sanyin da matsakaiciyar mace za ta yi barci a miƙe ba tare da ta ji ɗari ba. Ta biyu ita ce iyaka: inda matsakaicin namiji zai iya barci a dunƙule. Ta uku ta tsira ce kawai, wato inda mutum zai yi sa'o'i yana karkarwa, da haɗarin illa, amma ana sa ran ba zai mutu ba. Wasu masu sayarwa wannan ta ukun suke bugawa da manyan haruffa. Jakar da aka rubuta wa digiri 15 ƙasa da sifili tana iya kasancewa lambar jin daɗinta digiri 3 ne a sama da shi.

Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda digiri 14 ke sa a rufe tagogi a hura wuta, lambar farko kaɗai ya kamata ya kalla, namiji ne ko mace. Jikinsa bai saba ba, kuma babu jarumta a cikin karkarwa. Ya ƙara wa kansa tazarar digiri biyar a kan sanyin da ake hasashe.

Wani tarkon shi ne ma'auni. Kayan Amurka da Faranhait ake rubuta su. Bargon da aka ce na digiri 20 ne yana nufin kusan 7 ƙasa da sifili a Salshiyas, na digiri 30 kuma kusan 1 ƙasa da sifili. Wanda bai lura ba zai iya sayen abin da ya yi masa kauri ko ya yi masa kaɗan.

Bargon zango kuma yana da tasa matsalar a nan. Gwajin an tsara shi ne don jaka mai rufewa, don haka da yawa daga masu ɗinka bargo su ke sa wa kayansu lamba da kansu. Wasu suna da gaskiya har da rangwame, wasu kuwa fata suke rubutawa. Kuma mutum-mutumin gwaji ba ya juyi cikin dare, ke nan ko an gwada, matsalar iska ba za ta fito a lambar ba.

Shimfiɗa kafin komai

Masu jayayyar jaka da bargo sukan manta da abin da ya fi su tasiri. Ƙasa mai sanyi tana zuƙe zafin jiki fiye da yadda iska ke yi, kuma tunda ɓangaren ƙasa na jaka a danne yake, shimfiɗa ce kaɗai katanga. Mutane da yawa da ke zargin jakarsu, shimfiɗarsu ce ta ci amanarsu.

Ana auna ƙarfin shimfiɗa da lambar R. Tun 2020 manyan kamfanoni suka koma gwaji iri ɗaya, don haka yanzu ana iya kwatanta kayan wannan da na wancan. Siririyar katifar soso mai naɗewa tana wajen 2. Don dare mai sanyi amma saman sifili, 2 zuwa 3 ya wadatar. Inda ruwa ke daskarewa, a nemi 4 zuwa sama. Lambobin suna haɗuwa: idan aka ɗora katifar iska mai 3 a kan ta soso mai 2, an sami 5, kuma ko ƙaya ta huda ta iskan akwai abin da ya rage. Katifar iska irin ta baƙi da ake hurawa a gida ba ta cikin lissafi, kaurinta iska ce mai yawo, sanyi take kawowa.

Ga mai bargo wannan ba zaɓi ba ne, tunda bayansa kai-tsaye a kan shimfiɗar yake. Wanda kuɗinsa bai isa ya sayi komai mai kyau ba, ya sayi jaka matsakaiciya da shimfiɗa mai kyau. Akasin haka asara ce.

Kayan gwanjo

Sababbin jakunkuna na kamfanoni irin su Western Mountaineering ko Feathered Friends ɗaruruwan daloli ne, kuɗin da a canjin yau ya fi ƙarfin yawancin matasa. Shi ya sa da yawa ke komawa dilar gwanjo, inda jakar barci kan faɗo jefi-jefi cikin barguna da rigunan sanyi. Bargon zango kuwa da wuya a gan shi a can, domin ƙananan kamfanoni ke ɗinka shi, sau da yawa sai an yi oda. Wannan ma wani dalili ne da ke tura mai ƙaramin ƙarfi wajen jaka.

Lambar da ke jikin tsohuwar jaka tarihi ce. Abin dubawa shi ne kumburi. A shimfiɗa ta, a kaɗa ta, a ba ta minti goma. Idan ta tashi ta yi tudu, da sauran rai. Idan ta kwanta kamar zanen gado, an gama da ita, musamman ta zaren roba da ta daɗe a matse cikin dila. A ɗaga ta a hasken rana a ga ko akwai wuraren da gashi ya gudu ya bar fili. A ja zif sama da ƙasa sau da yawa. A shinshina, warin ruma ba ya fita da sauƙi. Bayan an saya, ba a ajiye ta a matse cikin 'yar jakarta, a rataye ta ko a sa ta a babban buhun yadi inda iska ke ratsawa.

Abin da ke kashewa

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Alamun farko su ne karkarwa mai ƙarfi, sai magana ta fara harɗewa, hannu ya kasa riƙe abu, tunani ya rikice. Idan karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, lamarin ya tsananta. Ba sai an kai sifili hakan ke faruwa ba: jiƙaƙƙen kaya da iska da gajiya sun isa a digiri 5 ko 8, irin daren da ake samu a Mambila.

Don haka a canza zuwa busassun kaya da safa kafin a kwanta, a ci abinci mai maiƙo, a zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai ƙarfi a sa a tsakanin cinyoyi ko wajen ƙafa. Kada a cusa fuska cikin jaka ana numfashi, tururin baki yana jiƙa gashin. Jaka ko bargo ba sa ƙirƙirar zafi, na jiki suke tsarewa, shi ya sa wanda ya shiga a sandare yake daɗewa bai ɗumama ba. 'Yar motsa jiki ta minti biyu kafin kwanciya tana taimakawa.

Akwai kuma al'adar da aka saba da ita a gida lokacin hunturu, ta shigar da kaskon gawayi ɗaki. A cikin tanti wannan kisa ne. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Haka murhun gas na girki. A tsawo, inda iskar shaƙa ta riga ta yi ƙaranci, illar tana zuwa da sauri. Wanda ya ji dole sai ya kunna wuta a tanti kafin ya iya barci, kayan kwanansa ne ba su kai ba, kuma gyaran wannan tun a gari ake yin sa, kafin mota ta tashi.